Me ya sa motar dizal ke ƙin tashi lokacin hunturu?

A watannin Disamba da Janairu, direbobin a-kori-kura masu ɗaukar albasa daga Jiga Birni zuwa kasuwannin Aliero da Jega a jihar Kebbi kan sha fama da asuba kafin mota ta tashi, lamarin da kan jawo wa mai kaya asarar cinikin safe.

Injin dizal dai ba ya amfani da tartsatsin fulogi. Yana matse iska ne har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, sannan man ya kama da kansa. Idan injin ya kwana cikin sanyi, ƙarfensa kan zuƙe wannan zafi.

A ƙasashe irin su Kanada da Rasha, inda ruwa ke zama ƙanƙara, man kansa kan yi kauri ya toshe matatar mai. Shi ya sa ake sayar da dizal na musamman a can lokacin sanyi.

Sai dai sanyin Kebbi bai kai haka ba. Saboda haka zuba kananzir a tanki ba magani ba ne, hasali ma yana rage santsin da famfon mai ke buƙata.

Matsalar takan samo asali ne daga batir mai rauni, ko ƙonewar hitar da ke ɗumama injin, ko kuma ƙurar hunturu da ta toshe matatar iska.

Abin da ya kamata shi ne direba ya murɗa makulli, ya jira fitilar hita ta mutu kafin ya tayar da motar, ya kuma riƙa duba batir da matatar iska a kai a kai.