Kafin ka sayi sabon batir, duba hanyar da wuta ke komawa

A shirinmu na wannan mako mun tattauna matsalar da ke cinye kuɗin direbobi da fatake a banza, wato mota ta ƙi tashi, a canza batir, a canza kik, bayan kwana biyu ta sake ƙi. Sau da yawa laifin na waya ɗaya ce, wadda masu wayarin a Najeriya ke kira "at", a Nijar da Chadi a ce "mas", a Sudan kuma "ardi".

Duk wanda ya san Suk Libiya a Omdurman, ko kasuwar dabbobi ta Muwailih da ke yamma da birnin, ya san tsofaffin manyan motocin Bedford da 'yan Sudan ke kira Sifinja, sunan silifas, saboda laushin tafiyarsu. An fara ƙera samfurin TJ a Ingila a 1958, kuma makanikan Sudan sun yi ta sake musu sasi da bodi don su jure hanyar Kordofan da Darfur har iyakar Chadi. Motar da aka yi wa walda da fenti sau da dama, ta sha ƙurar habub da zafin da ke wuce digiri 40, dole mahaɗan wayoyinta su gaji. Ga kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, wanda ya sa motoci da yawa a Khartoum suka daɗe a ajiye, tsatsa na cin su.

To, mene ne aikin wannan waya? Wutar batir kamar garke ce da ta fita kiwo: sai ta dawo gida kafin a ce an gama yini. Tana fita ta kan batir mai alamar tarawa, ta bi waya zuwa fitila ko kik, sannan ta dawo ta cikin ƙarfen motar kansa. Shi ya sa ake ɗaure kan batir mai alamar ragewa da sasi, a kuma haɗa injin da sasi da wata waya mai kauri ko saƙaƙƙiya, tunda injin a kan roba yake zaune. Idan tsatsa, fenti ko sakin noti ya toshe wannan hanya, wutar za ta nemi wata ɓarauniyar hanya.

Alamomin ba sa ɓuya. Ka murɗa makulli ka ji "ƙas-ƙas", ko injin ya juya a kasale alhali batir na da caji. Ka taka birki sai sigina ta kama da ɗan haske. Ka kunna manyan fitilu sai allurar zafin injin ta haura. Mafi haɗari, wayar totur ta yi zafi har ta narkar da robarta, domin wutar kik ce ke bi ta cikinta. Daga nan gobara ba nisa.

Ga gwajin da za ka iya yi ko a tsakiyar daji. Ka sa giya a furi, ka ja birkin hannu. Ɗauki waya ɗaya mai kauri irin ta jona batir, ka maƙala baki ɗaya a kan batir na ragewa, ɗayan a wani tsabtataccen ƙarfe a jikin injin, nesa da fanka. Sai ka tayar. Idan ta tashi garau, batirinka da kik ɗinka lafiyarsu lau, hanyar komawa ce ta lalace. Wata dabara: bayan an yi ta ƙoƙarin tayarwa na 'yan daƙiƙu, taɓa mahaɗan a hankali. Wanda ya yi zafi, nan ciwon yake.

Mai mita kuma ya fi samun tabbaci. Batir mai bolt 12 idan ya cika yana nuna kusan 12.6, in injin na aiki kuma wajen 14. Sa tsinke ɗaya a kan batir na ragewa, ɗayan a jikin injin, yaron mota ya murɗa makulli. Abin da ya dace ka gani shi ne 0.2 zuwa 0.3. In ya wuce rabin bolt, wuta na ɓacewa a hanya.

Gyaran ba shi da tsada. Fara cire kan batirin da ke haɗe da bodi, shi ne kuma za ka mayar a ƙarshe, don kada sifana ta taɓa ƙarfe ta yi tartsatsi. Kwance wayar, goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ɗaure da kyau, sannan ka shafa giris a kai don hana tsatsa. Idan wayar ta yi kore ko zarenta ya tsittsinke, canza ta da mai kauri irinta. Siririyar wayar gida ba za ta ɗauki wutar kik ba. A duba har da mahaɗin fitilun baya, musamman a motar dabbobi, inda fitsari da ruwan wanki ke sauka kullum.

Gargaɗi ɗaya: motocin Ingila da yawa na kafin ƙarshen shekarun 1960, kan tarawa ne ke haɗe da bodi, wasu manyan motoci kuma bolt 24 suke amfani da shi. Duba tukuna kafin ka jona da wata mota.

Alhaji mai kaya, malam makiyayi, motar da ta mutu da raguna a hanyar Bara da tsakar rana asara ce da ta fi kuɗin batir. Kafin a yi lodi, a ce wa direba ya buɗe bonet a duba wannan waya tare, minti goma ya isa. Allah Ya kai mu lafiya, sai mako mai zuwa.