In Launin Fim Ya Koɗe A Telebijin, Kada A Yi Saurin Kiran Mai Gyara

A wannan mako ina so mu tattauna wata matsala da ta fara yawa a gidajen da aka sayi telebijin irin na zamani, wanda ake kallon fim a cikinsa ta hanyar intanet. Mai gida ya kashe kuɗi masu kauri, ko kuwa uwargida ta kwashi adashinta ta sayo akwati sabo fil. Sai a kunna wani fim, hoton ya fito kamar atamfar da ta sha wanki da rana: ja ya koma ruwan hoda, baƙi ya koma toka-toka, fuskokin mutane kamar ana hango su cikin hazo. Abin mamaki kuwa, da an koma tashar labarai ta dikoda sai a ga hoto garau.

Daga nan sai zargi ya tashi. A ce yara ne suka yi wasa da rimot, ko wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona wani abu, ko ɗan kasuwa ne ya yi cuta. Wata yarinyar ma har ta sha duka a banza. Alhali kuwa sau da yawa babu abin da ya lalace. Rashin fahimta ne kawai tsakanin fim ɗin da akwatin, kuma mace na iya gyara shi da kanta tana zaune a kan tabarma.

Tushen maganar shi ne wani sabon tsarin hoto da ake kira HDR, watau hoto mai faɗin haske. Ana auna hasken telebijin da wani ma'auni mai suna nit. Tsohon tsari, wanda ƙa'idarsa ta zauna tun 1990, an gina shi ne a kan haske na nit 100, kuma kowane launi yana da matakai 256 daga duhu zuwa haske. Sabon tsarin yana da matakai 1,024, ana shirya yawancin finafinansa a kan nit 1,000 ko 4,000, ƙa'idar kuma ta ba da dama har zuwa 10,000. Haka nan wajen launi. Tsohon ma'auni ya ɗauki kimanin kashi 36 cikin ɗari na launukan da idon ɗan Adam ke gani, sabon kuwa kimanin kashi 76. Shi ya sa in komai ya daidaita za ki ga walƙiyar zinariya da jan lalle kamar ki miƙa hannu ki taɓa.

To me ya kawo koɗewa? Ga misali daga madafa. A ce maƙwabciyarki ta aiko yaro ya gaya miki ki zuba rabin ma'auni na sukari a kunun biki. Ita mudu take nufi, ke kuwa gwangwanin madara ne ma'auninki. Kin bi umurni, rabi kika zuba, amma kunu ya fito lami. Haka hoton yake. Abin da ke shigowa akwati lambobi ne kawai, suna cewa rabin ja, sulusin kore. In fim ɗin da babban ma'auni ya yi lissafi, akwati kuma ya auna da ƙarami, dole launi ya fito salam.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne HDR ɗin ba iri ɗaya ba ne. Akwai Dolby Vision na kamfanin Dolby na Amurka, wanda ya fito a 2014. Akwai HDR10 na 2015, shi ne ya fi yawa domin ba a biyan kuɗin amfani da shi. Akwai HLG wanda gidan BBC na Ingila da NHK na Japan suka haɗu suka ƙirƙiro, sai kuma HDR10+ da Samsung da Amazon suka fito da shi a 2017. Ba kowane akwati ne ya san dukkansu ba. Telebijin ɗin Samsung, alal misali, ba su ɗaukar Dolby Vision. In kin ga hoto ya rine ya koma shunayya da kore, galibi fim ɗin Dolby Vision ne ya faɗa hannun na'urar da ba ta san shi ba. Maganin wannan shi ne a nemi fim ɗin a tsarin da na'urar ta sani, ba saitin launi ba.

Kafin ki taɓa komai, 'yar'uwa, ɗauki waya ki ɗauki hoton saitin yadda kika same shi, ko ki sa 'yar makaranta ta rubuta a bayan littafinta. Sa'an nan ki riƙa canja abu ɗaya-ɗaya kina dubawa. A aji ma haka muke koya wa yara gwajin kimiyya, domin wadda ta canja abu uku a tare ba ta sanin wanne ne ya yi aiki.

Fara da mafi sauƙi. Tashi ki tsaya daidai gaban akwatin, idonki a tsakiyar gilashin. Akwatuna da dama launinsu na dusashewa in an kalle su daga gefe ko daga ƙasa, mu kuwa mun saba kafe telebijin can sama kusa da rufi, mu zauna a ƙasa. In launin ya dawo da kika miƙe, to wurin zama ne za a gyara, ko a sauko da akwatin. Sa'an nan ki ja labule. Masu shirya finafinan HDR a ɗaki mai duhu-duhu suke daidaita launinsu, saboda haka hasken hantsi da ke shigowa ta taga yana wanke hoton.

Sai ki duba saitin tattalin wuta, wanda ake rubutawa Eco ko Energy Saving. Gidajen da ke amfani da sola ko inbata sukan kunna shi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma aikinsa shi ne rage fitilar da ke bayan gilashi, HDR kuwa yana bukatar fitilar nan ta kai ƙarshen ƙarfinta. Ba a haɗa biyun. Ko a kashe tattalin a sha kallo, ko a bar shi a haƙura da HDR. A cikin jerin salon hoto kuma ki zaɓi Movie ko Cinema, ko Filmmaker Mode in akwatinki na da shi, wanda aka ƙaddamar a 2019 domin fim ya fito yadda masu shi suka nufa. Ni dai ba na ba da shawarar Vivid, ko a murɗa launi har ɗari. Hakan kamar ƙara gishiri ne a miyar da ruwa ya yi wa yawa. Fuskar mutum ta koma ja wur, hazon kuma yana nan.

Yanzu sai babbar tambaya: daga ina fim ɗin ke shigowa? In daga cikin telebijin ɗin kansa kike buɗe YouTube ko Netflix, da wuya a samu saɓani, domin akwatin ya san abin da zai iya. Matsalar ta fi yawa in an jona wani ɗan akwati ko 'yar sanda ko kwamfuta ta kafar HDMI da ke baya. Gwada fim ɗaya ta hanyoyin biyu. In na cikin telebijin ya yi kyau, na ɗan akwati ya koɗe, kin kama ɓarawon.

A nan abu na farko shi ne kafar kanta. Akwatuna da yawa suna zuwa daga kamfani da kafofinsu a ƙuntace, sai mutum ya shiga saiti ya buɗe su. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa abin. A Samsung Input Signal Plus ne, a LG HDMI Deep Colour, a Sony da Hisense kuwa za ki sami tsarin HDMI ki mayar da shi Enhanced. Ki lura da lambar kafar da kika jona, domin kowace kafa daban ake buɗe ta, kuma a wasu akwatunan ba dukkan kafofin ne ke da ƙarfin ba. Igiyar ma a duba ta. Wadda ake bukata ita ce mai rubutun Premium High Speed, mai ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa. Amma kada wani ya ruɗe ki da igiya mai kan zinariya. Igiya marar ƙarfi tana sa hoto ya riƙa ɗaukewa ko ya yi ɗige-ɗige, ko HDR ya ƙi kamawa. Mai tsada ba ta ƙara wa ja jantaka.

Abu na biyu ya fi ɓoyewa. Wasu ƙananan akwatunan suna tilasta HDR a kan komai, har da abin da ba a shirya shi da HDR ba. Yawancin finafinan Hausa da ke YouTube da tsohon tsari aka yi su. In aka cusa su cikin sabon ma'auni da ƙarfi, sai su fito a dushe. A Fire TV Stick ki nemi Dynamic Range Settings ki mayar da shi Adaptive. A Apple TV ki kunna Match Dynamic Range. Ma'anarsu ɗaya ce: kowane fim a bar shi da ma'auninsa. 'Yan makaranta masu jona kwamfuta mai Windows su sani ita ma haka take yi. A danna maɓallan Windows da Alt da B a tare, HDR zai kashe ko ya kunnu nan take.

In launuka suna nan da sauransu amma baƙi ne ya ƙi yin ƙirin, wannan wani saɓanin lissafi ne daban. Na'urorin bidiyo suna ƙirga baƙi daga lamba 16 su tsaya da fari a 235, kwamfuta kuwa daga 0 take farawa har 255. In ɗan akwati ya aiko da 16 yana nufin baƙi, telebijin kuma yana jiran 0, sai ya nuna toka. Nemi saitin Black Level ki sa shi a Auto, in bai yi ba ki gwada Low.

Akwai wata magana da 'yan kasuwa ba su son faɗa. Rubutun HDR a jikin kwali ba shi ne ke nuna akwati zai iya ba. Akwatuna masu araha da yawa suna karɓar HDR ne kawai, amma haskensu bai wuce nit 250 ko 300 ba. Fim ɗin da aka shirya a kan 1,000 in ya shigo irin wannan akwati dole a matse shi, ya fito duhu ko dishi-dishi. In naki irin wannan ne, ba abin kunya ba ne. Kashe HDR a ɗan akwatin, za ki ga tsohon tsari ya fi yi masa kyau nesa ba kusa ba. Aljihu ma zai huta, domin HDR galibi tare yake tafiya da babban hoto na 4K. Bisa ga lissafin Netflix, 4K na iya cinye gigabait 7 na data a sa'a ɗaya, HD har gigabait 3, hoto na yau da kullum kuwa kimanin 1. Kuma a wurinsu sai mai biyan kuɗin babban aji na Premium ke samun HDR. Biyan wannan kuɗi a kan akwatin da ba zai nuna shi ba asara ce.

Inda abin ya fi taɓa mu mata shi ne bidiyon biki da suna. Tun daga iPhone 12 ta 2020, wayoyin Apple suna ɗaukar bidiyo da HDR ba tare da an sa su ba, manyan wayoyin Samsung ma suna da irin wannan saiti. A cikin wayar bidiyon kamar a lasa. Amma da an tura shi, ko mai haɗa bidiyo ya sa shi a kwamfutarsa, ko an zuba shi a filashi an jona a tsohon telebijin, sai leshin amarya ya fito fari fat, ankon da aka sha wahalar zaɓe ya koma kamar tsumma. Kafin ranar biki a gaya wa mai ɗauka ya shiga saitin kyamara, wurin Record Video, ya kashe HDR Video. In kuwa an riga an ɗauka, kada a goge na asali da ke cikin wayar, domin launin yana nan a cikinsa bai tafi ko'ina ba. A kai wa mai haɗa bidiyo na asalin, a ce ya juya shi zuwa tsarin SDR, watau tsohon ma'auni, kafin ya rarraba wa dangi.

Yaushe ne za a kira mai gyara? In koɗewar ta game komai, tashar dikoda da YouTube da rubutun saitin akwatin kansa, ko wani gefe ya yi duhu wani ya yi haske, ko zane-zane sun ratsa gilashin, to wannan ciwo ne na gaske, mai yiwuwa fitilun baya ne suka gaji. Kafin a ɗauke shi ma a gwada Reset Picture, wanda ke mayar da saitin hoto yadda ya fito daga kamfani, sa'an nan a lalubo rasit a duba ko wa'adin garanti bai ƙare ba, domin in wani ya riga ya kwance akwatin kamfani ba zai karɓa ba.