Gamba, jema da filawo: adon garka mai tare iska

Duk wanda fatauci ya taɓa kai shi Jos, a Najeriya, ya ga wani icce dogo, miƙaƙƙe kamar mashi, ganyensa sirara kamar allura, kore shar rani da damana. Faransawa na ce masa pin. Icce ne mai kyawon gani, babu musu. Shi ya sa wasu matafiya kan sayo ɗan tsironsa cikin leda, su ɗauko shi a mota har Maraɗi ko Damagaram, su dasa a ƙofar gida. Wani maƙwabcina ya yi haka. Wata 7 yana ba shi ruwa safe da marece, ruwan da ƴaƴansa ke jawowa daga rijiya. Da zafin bazara ya kama, ganyen ya yi ja, ya zube. Abin da ya rage sai sanda.

Mutumin bai yi sakaci ba. Iccen ne ba na ƙasarmu ba. Jos bisa tudu take, akwai sanyi, kuma ruwan sama ya fi milimita 1000 a shekara. Maraɗi kuwa tana samun kamar milimita 500, Tawa da Damagaram ba su kai haka ba. Akwai kuma wani sirri a ƙarƙashin ƙasa. Pin ba ya iya cin abinci sosai shi kaɗai. Yana bukatar wani ɗan ƙaramin tsiro, dangin naman kaza, wanda ke zaune jikin saiwarsa yana jawo masa abinci. A wurare da dama na Afirka, masu aikin daji sun sha dasa pin yana tsumburewa, har sai da suka ɗebo ƙasa daga gindin tsofaffin pin suka gauraya da ta wurin reno. To, a rairayinmu mai zafi, ina za a ɗebo wannan ƙasa?

Wanda ke son icce mai irin wannan kama yana da mafita. Akwai filawo. In ka hango shi daga nesa, sai ka rantse pin ne. Amma matso kusa, ka tsinki abin da kake zato ganye ne, ka ja shi. Za ka ga yana rabuwa gaɓa-gaɓa, domin ƙananan rassa ne kore. Asalin filawo ƙasar Ostareliya ne da bakin tekun Asiya. Yana jure rairayi da ƙasa mai gishiri, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake ke yi. A Senegal, tun 1948 aka fara dasa shi a bakin teku tsakanin Dakar da San Luwi, don ya tsayar da tudun rairayi da ke binne garaken masu noman kayan miya.

Sai dai filawo ma yana da sharaɗi. Yana son ruwa kusa. Wurinsa fadama, ko bakin gulbi, ko garkar da rijiyarta ba ta da zurfi. A jigawa, inda ake zura igiya gaba 20 kafin a taɓo ruwa, wahala kawai za a sha. Can, bedi ya fi shi. Mutanen kwarin Majiya, a ƙasar Buza cikin jihar Tawa, sun ga amfanin bedi. Daga 1975 suka shiga dasa bedi layi biyu-biyu, da ratar mita 100 tsakanin wannan shinge da wancan. Iska ta rage kwashe ƙasa, binciken da aka yi kuma ya nuna hatsi ya ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100.

In za a dasa filawo, a jira damana ta zauna, cikin watan Yuli ko farkon Agusta. Dama tun 1975 aka haɗa bikin 3 ga Agusta da dashen itace a Nijar. A haƙa rami kamu ɗaya a faɗi, kamu ɗaya a zurfi. A gauraya ƙasar sama da taki wanda ya riga ya ruɓe, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A yanke leda a cire ta gaba ɗaya. Mutane da yawa na binne tsiro da ledarsa, saiwa ta murɗe a ciki, icce ya tsaya ba gaba ba baya. A bar taku 2 ko 3 tsakanin icce da icce, a jera su gefen gabas da arewa, inda iskar hunturu da guguwar farkon damana ke bugowa. Kada a kusanta su da fangalin albasa ko na salati, domin saiwarsu tana yaɗo, tana shanye ruwan kayan miya.

Ranin farko shi ne lokacin haɗari. Akuya na nan, gara na nan. A kewaye tsiro da ƙaya. Game da ruwa, ga dabara mai sauƙi: a binne tsohon tulu kusa da gindin, bakinsa a waje, a cika shi, a rufe da ɓallin tukunya. Tulun zai dinga tsattsafo ruwa kaɗan-kaɗan daidai wurin saiwa, rana ba ta shanye shi.

Icce yana tare iskar sama. Ta ƙasa, wadda ke kwaso rairayi tana yanka ƙananan tsirrai, haki ke tare ta. A nan ba mu bukatar sayo kome daga nesa. A ƙasashen Turai ana sayar da haki cikin tukwane don adon gida kawai, wani ma ɗan uwan kyasuwa ne, wadda mu muke nomewa a gona mu ba bisashe. Abin dariya, amma suna da gaskiya. Wanda ya tsaya ya dubi kan kyasuwa da hantsi, lokacin kaka, ya san tana da kyau.

Sarkin hakin shinge a wurinmu gamba ce. Ba ta mutuwa da rani, gindinta na nan da rai yana jiran ruwa. Tsawonta ya fi na mutum. Kakanninmu da ita suke shata iyakar gona, da ita ake saƙa zana, a yi rumbu. Yau ta yi ƙaranci a daji, har zana ta zama abin saye da tsada a kasuwa. Dasa ta ba wuya. A tono babban gindi da damana, a tsattsaga shi, kowane kashi da saiwarsa da kara 3 ko 4. A datse ganyen a bar kamar taƙi ɗaya. A dasa da marece bayan an yi ruwa, kamu ɗaya tsakani, a taka ƙasar da ƙafa. Shekara ta biyu shinge zai haɗe. Da kaka, in kai ya bushe, a yanke a bar taƙi ɗaya bisa ƙasa, don ta toho da kyau baɗi.

Inda ruwa ke gudu yana cin garka, jema ta fi. Saiwarta ba ta yaɗo gefe, ƙasa take nutsewa, har mita 2 ko fiye. Saboda haka ba ta ƙwace ruwan abin da ke kusa da ita. Ana dasa ta kusa-kusa, rabin taƙi tsakani, layi ɗaya a gicciye da hanyar ruwa. Ruwa ya wuce a hankali, ƙasa ta tsaya a bayanta. Saiwar tana da ƙanshi, a Mali da Senegal mata na wanke ta su saka cikin randa.

Sai sitronel, hakin nan mai ƙanshin lemun tsami da ake sakawa cikin shayi. Ita ma tsaga gindi ake yi a dasa, amma tana son ban ruwa, don haka wurinta kusa da rijiya. A nan akwai maganar da ya kamata a gyara. Wasu na cewa in ka dasa sitronel a tsakar gida sauro ba ya zuwa. Ba haka ba ne. Man da ake tatsa daga ganyenta shi ke korar sauro, shi ma na ɗan lokaci. Hakin da ke tsaye ba ya kare kowa. Hasali ma sauro na son laɓewa cikin haki mai duhu da rana, yana ƙwai cikin ruwan da ya kwanta. Mai garka ya rufe tulu da rijiya, kada ya bar ruwa kwance a gindin haki. Yara da mata masu ciki, da kowa ma, su kwana cikin sange mai magani.

Haki mai kauri kuma maɓoyar kububuwa ce da kunama. Gamba da jema wurinsu bakin garka, nesa da ɗakin kwana da wurin wasan yara. A share fili taku 3 tsakanin shinge da danga ko rumbu. Wannan filin shi ke tare gobara da hunturu, shi ke sa a ga maciji kafin a taka shi. Mai yankan gamba ya sa takalmi, ya fara bugun gindin da sanda kafin ya zura hannu. In an yi rashin sa'a maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da shi, kada ya yi tafiya da ƙafarsa, a ɗora shi bisa amalanke ko mota a kai shi gidan likita nan da nan.