Mintuna Uku Kafin Allurar Barci: Guzurin Da Masu Ƙiba Suka Fi Kowa Bukata

Idan aka ce za a yi wa mutum tiyata, wuƙar likita ce take tayar wa 'yan uwa hankali. Mu da aikinmu shi ne sa majiyyaci barci da lura da numfashinsa, fargabarmu a wani wuri take, wato tsakanin lokacin da allurar barci ta tsayar da numfashi da lokacin da muka zura bututu a maƙogwaro muka jona shi da na'ura. A wannan ɗan tsakanin, mutum yana rayuwa ne da abin da ya rage a huhunsa kawai.

Dalilin ke nan da ya sa muke kifa wa majiyyaci takunkumin roba a hanci da baki tun idonsa biyu. Da yawa suna zaton shi ne yake kawo barcin, har wasu su riƙa kawar da kai ko ɗauke numfashi, alhali ga manya galibi iskar oksijin ce zalla a ciki.

Iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 cikin 100 ne kacal oksijin, kashi 78 kuwa naitirojin ce, wadda ba ta da amfani ga numfashi. Bayan baligi ya fitar da numfashi, kimanin lita biyu da rabi na iska tana saura a huhunsa, jikinsa kuma yana cin kusan mililita 250 na oksijin kowane minti. Idan galibin ajiyar nan naitirojin ce, cikin minti ɗaya zuwa biyu jini zai fara rasa oksijin. Amma idan ya shaƙi zallarta na minti uku, ko ya ja dogon numfashi sau takwas cikin minti guda, sai ta kori naitirojin ta maye gurbinta. Wani lissafi da Jonathan Benumof da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1997 ya nuna cewa lafiyayye mai nauyin kilo 70 da aka yi wa wannan tanadi zai kai kusan minti takwas kafin oksijin ɗin jininsa ya sauko kashi 90. Mai ƙiba mai kilo 127 kuwa ko minti uku ba ya cikawa.

Me ya kawo wannan tazara? Da zarar mai teɓa ya kwanta rigingine, nauyin cikinsa yakan tura tantanin da ya raba ciki da ƙirji zuwa sama, kitsen ƙirji kuma ya danno, sai ƙasan huhu ya matse. Barcin allura yana ƙara saki tsokoki, matsewar ta ƙaru. Sannan babban jiki ya fi cin oksijin. Rumbu ya ƙanƙance ke nan, bakunan ci kuma sun ƙaru. Ga kuma kaurin wuya da naman maƙoshi da kan sa hura masa iska ya yi wuya a daidai lokacin da ake gaggawa. Wani babban bincike da aka fitar a Birtaniya a 2011 ya gano cewa masu ƙiba sun ninka sauran mutane fuskantar mummunar matsalar hanyar numfashi yayin barcin tiyata. Ƙwaƙwalwa kuwa mintuna kaɗan take jure rashin oksijin kafin ta samu lahanin da ba ya gyaruwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne arhar maganin. A 2005 likitoci a Ostireliya suka gwada ɗaga kafaɗa da kan masu matsananciyar ƙiba da digiri 25 yayin ba su oksijin, maimakon kwantar da su shimfiɗe, sai suka samu ƙarin kusan daƙiƙa 45. Mai karatu zai iya raina wannan, amma wanda ya taɓa neman ƙofar maƙogwaro a wuyan da ya cika da kitse ya san darajar kowace daƙiƙa. Inda gadon tiyata ba ya lanƙwasuwa, matasan kai da zannuwa a ƙarƙashin kafaɗa sun wadatar, har kunne ya zo daidai da saman ƙashin ƙirji.

A ra'ayina, babu uzurin da zai sa a taƙaita waɗannan mintuna. Na san inda ake sayen oksijin tukunya-tukunya akwai sha'awar yin tattali, ga kuma layin masu jiran aiki. To amma lita 10 a minti sau uku lita 30 ce, babbar tukunya kuwa dubban litoci take ɗauka. Kada kuma a ruɗu da na'urar da ake maƙalawa a yatsa: tana iya nuna 100 tun huhu bai cika ba, domin jini take aunawa, ba ajiya ba. Wani nazari na Jami'ar Mishigan a 2020 ma ya nuna takan ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan sau uku fiye da farar fata.

Shi ma majiyyaci yana da nasa rabon aikin. Mai yin minshari mai ƙarfi, ko wanda aka ce numfashinsa yakan ɗauke a barci, ko wanda ba ya iya kwanciya rigingine, ya faɗa tun ranar da aka duba shi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mai juna biyu ma halinta ɗaya da mai ƙiba ta wannan fuska, ko da ba ta da jiki. Masu cikar gemu kuma su yi haƙuri idan aka danna takunkumin da ɗan ƙarfi, domin ta tsakanin gashi iskar ɗaki take kutsowa ta tsinka oksijin ɗin. Wanda takunkumin yake firgitawa yana iya roƙon a bar shi ya riƙe da hannunsa, yana kishingiɗe, har mintuna ukun su cika.