Ko Kun Sani? Jan Prius da igiya na iya kashe giyabos ɗinta

A Toyota Prius, mota mai haɗa fetur da lantarki da aka fara sayarwa a Japan a 1997, sa giya a firi ba ya raba tayoyin gaba da injin lantarkin da ke tuƙa su. In ana jan ta da igiya, tayoyin na birgima, shi ma yana juyawa, sai ya koma janareto yana zuba wutar da ba ta da wurin zuwa, ya ɗauki zafi. Ga kuma matsalar mai: a tsofaffin samfura injin fetur ne ke juya famfon man giyabos, in ya mutu ƙarafa sai su yi ta gugar juna ba isasshen mai.

Shi ya sa Toyota ta ce a ɗora ta kacokan a bayan janwe, ko a ɗaga tayoyin gaba. Motoci irin su Highlander masu wani injin lantarki a baya kuwa, duka tayoyin huɗu za a raba da ƙasa. Igiya sai dole ta kama, a ɗan gajeren zango, ƙasa da kilomita 30 a awa.