Sarauniyar Lugu da maganar ƴancin mata

A Yamai, in aka tada maganar ƴancin mata, da wuya a watse ba a ambaci Sarauniya Mangu ba. Garinta Lugu yana nan cikin Arewa, a karkarar Dankasari ta gundumar Dogonduci. A watan Afrilu na 1899 ne rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta taho tana ƙone garuruwa, ta auka wa Lugu. Mutanen Sarauniya suka tare ta da baka da kibiya. Da wutar bindiga ta yi yawa suka janye cikin daji, aka ƙone garin. Wata uku bayan haka, sojojin turawan nan biyu suka kashe su da kansu.

Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da silman Med Hondo na 1986 su suka kai sunanta duniya, suka nuna ta jaruma mai jan daga. Amma abin da Arawa suka sani ya ɗan bambanta. Sarautar Lugu ta addinin gargajiya ce. Mai riƙe da ita zaman ɗaki take yi, mutane ke zuwa wurinta neman ruwan sama da lafiyar ƙasa. Ba jama'a ke zaɓenta ba: gawar wadda ta rasu ake ɗauka, a yi tarkama, ita ke nuna magajiya. Girma ne babba, babu shakka. Sai dai girman mace guda bai taɓa rage wa sauran mata nisan rijiya ba.

Nan ne ma'anar kalmar nan ta faransanci, féministe, take fitowa. Waɗansu sun ɗauka mai ƙin aure ce ko mai raina miji. Ba haka ba ne. Féministe shi ne mutum, mace ko namiji, wanda ke neman kada a hana mace ilimi, ko gona, ko magana cikin shawara don kawai ita mace ce.

Matan Nijar sun gwada haka ranar 13 ga Mayu 1991. Kwamitin shirya babban taron ƙasa yana da mutum 68, mace ɗaya tak a ciki. Mata dubbai suka yi maci a Yamai har aka ƙara musu kujeru biyar. Ranar nan ce ta zama ranar matan Nijar. A zaɓen 1999 mace ɗaya ta shiga majalisar dokoki cikin 83. Dokar 2000 ta keɓe wa mata aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, sai ga su 14 cikin 113 a 2004. A 2019 aka ɗaga kason zuwa 25.

Kujera ta fi gida sauƙin gyara. Dokar iyali da aka shirya ta ci tura a 1994, ta sake cin tura a 2011, majalisa kuma ta ƙi yarjejeniyar Maputo a 2006. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna ƴan mata 76 cikin ɗari an aurar da su kafin shekara 18. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fito da dokar kare yarinya ƴar lakwal har ta cika 16, amma dokar da ke takarda sai uba da hakimi da malamin makaranta sun ɗauke ta kafin ta isa ƙauye.

A Dallol Mawri, daga Matankari har Tibiri, mace tana noman gamana da damina, tana ban ruwan lambu da rani, galibi a ƙasar da ba tata ba. In aure ya mutu, gonar takan koma gidan miji. Shi ya sa wadda ta fito ajin yaƙi da jahilci, ta iya karanta takardar gona da lissafin asusun ƙungiya, ta ƙi fidda ɗiyarta daga lakwal, tana aikin da kalmar ke nufi, ko ba ta taɓa jin ta ba.