Tsarin Ilmin Jami'a a Biritaniya da Abin da Ya Kamata Mai Niyyar Ƙaro Ilmi Ya Sani



Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce a yi bayani a kan yadda aka tsara ilmin jami'a a ƙasar Biritaniya, domin amfanin ɗalibai da ma'aikatan da ke da niyyar tafiya can ƙaro ilmi. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka sun riga sun san wannan tsari, tun da yake daga can aka kawo mana ilmin boko. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin zancen, don kuwa Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948, digirin Jami'ar Landan ta riƙa bayarwa har zuwa 1962. Amma Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Daga wancan lokaci kowace ƙasa ta kama gabanta, sai sunayen digiri da na jarrabawa suka rage iri ɗaya, kuma wannan kamar ita ke jawo wa baƙo asarar lokaci da dukiya.

Matakin Shiga Jami'a

A Ingila da Wales da Ailan ta Arewa, yaro yana yin jarrabawar GCSE yana ɗan shekara 16, sa'an nan ya ƙara shekara biyu yana karanta fannoni uku kawai, galibi, domin jarrabawar A-Level. Watau kafin ya shiga jami'a ya riga ya zaɓi fanninsa, ya yi nisa a ciki. Shi ya sa digiri na farko a can shekara uku ne.

Mu kuwa a Nijeriya, da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982, sai aka jingine ajin HSC na makarantun sakandare, aka mai da digiri shekara huɗu. Saboda haka mai takardar WAEC ya yi shekara 12 ne a makaranta, alhali ɗan Ingila ya yi 13. Yawancin jami'o'in Ingila ba za su ɗauke shi kai tsaye ba, ko da ya ci jarrabawarsa da maki mafi kyau, sai ya yi shekarar share fage tukuna. Uban da ya yi lissafin kuɗin shekara uku zai tarar huɗu ne ke gabansa.

Neman gurbin digiri na farko ta hannun wata hukuma ɗaya ake yi, watau UCAS. Ɗalibi yana da damar zaɓi biyar. Mai neman likitanci, ko Okusfod, ko Kambirij, tilas ya miƙa takardunsa kafin 15 ga Oktoba ta wuce, kusan shekara guda kafin a fara karatu.

Suna Ɗaya, Ma'ana Uku

Sikotlan tana da nata tsari dabam. Digiri na farko a can shekara huɗu ne, kuma a shekara biyun farko ɗalibi yana haɗa fannoni da dama kafin ya tsaya a kan ɗaya. Tsofaffin jami'o'inta, irin su St Andrews da aka kafa a 1413, da Gilasgo ta 1451, da Abadin ta 1495, suna kiran digirinsu na farko a fannin adabi da tarihi da makamantansu da sunan MA. A Okusfod da Kambirij kuwa, wanda ya sami BA yana iya karɓar MA bayan shekara shida ko bakwai da shigarsa jami'ar, ba tare da ƙarin karatu ko jarrabawa ba. A sauran wurare MA shi ne digiri na biyu da muka sani. Wannan batu ya shafi mai neman gurbi, ya kuma shafi jami'in Gwamnati da ke tantance takardu domin ɗaukar aiki ko ƙarin girma.

Nauyin Karatu

Digiri na biyu shekara ɗaya ne cur, daga Satumba zuwa Satumba. Gajartar nan takan ruɗi mutane. An ƙiyasta shi a kan awo 180, kowane awo kuwa daidai yake da aikin sa'a goma, jimla sa'a 1,800 ke nan. Kaɗan daga cikin sa'o'in nan ake yi a aji. Sauran na laburare ne da rubutu, kuma kashi ɗaya cikin uku na awon yana kan kundin da ɗalibi zai rubuta shi kaɗai a watannin ƙarshe. Wanda ya saba malami ya yi masa shifta ya haddace, zai ga jadawalinsa babu laccoci da yawa, ya zaci hutu ne, har ranar miƙa aiki ta riske shi.

Abin da ake auna shi ne iya kafa hujja. Ana so ɗalibi ya karanta ra'ayoyin masana, ya gwada su da juna, ya faɗi nasa matsayi, ko da ya saɓa wa malaminsa. Ɗauko maganar wani ba tare da nuna mai ita ba laifi ne da kan kai ga kora. Haka nan maki 70 shi ne daraja ta ɗaya, 60 zuwa 69 ta biyu mai girma, don haka wanda ya sami 65 kada ya karaya.

A digiri na uku galibi babu laccocin dole. Ɗalibi yana bincike shekara uku zuwa huɗu a ƙarƙashin mai duba aikinsa, daga nan ya kare kundinsa da baki a gaban masu jarrabawa biyu, ɗaya na gida, ɗaya daga wata jami'a. A nan zaɓen malami ya fi zaɓen sunan jami'a muhimmanci.

Kuɗi da Doka

Tun 1980, zamanin Firayim Minista Margaret Thatcher, ɗaliban ƙetare suke biyan cikakken kuɗin karatu. Gwamnati tana ƙayyade abin da ɗan ƙasa zai biya a digiri na farko, wanda a Ingila ya kai fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025, amma na baƙo jami'a ce ke yankewa. Bizar ɗalibi ta yarda da aikin sa'a 20 ne kawai a mako lokacin zangon karatu, wanda ba zai biya kuɗin makaranta ba. Daga Janairun 2024 kuma, mai digiri na biyu na kwas ba ya tafiya da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda Gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Daɗin daɗawa, fam ɗin da bai kai Naira 600 ba a farashin hukuma a Mayun 2023, ya haura Naira 2,000 a 2024, ɗalibai da dama suka kasa cika biya a tsakiyar karatu. Tallafin Kwamanwel da aka kafa a 1959, da na Chevening na 1983, hanyoyi ne da suka cancanci nema, na biyun musamman ga ma'aikata, domin yana bukatar ƙwarewar aiki ta shekara biyu.

Kammalawa

Kafin mutum ya cika fom, ya kamata ya san a wane mataki takardarsa za ta shigar da shi, da ma'anar digirin da yake nema a wannan jami'a, da yadda za a auna shi, da kuma wanda zai biya har ranar gamawa. Duk waɗannan ana samun amsarsu tun daga gida, ta rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar. Matambayi ba ya ɓata.